Daminar da Surukata Ta Hau Kumbo

Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta jin Faransanci ban da gaisuwa, amma shekara da shekaru ita ce ke yi mana fassarar fim ɗin tele. Ni da nake koyar da Faransancin a kwalejin Filinge sai in zauna in ja bakina in yi shiru, ita tana duban fuskokin mutane tana gaya mana wanda zai ci amanar wani kafin mako ya zagayo. Ta tsufa tana awon hatsi tsakanin kasuwar garinmu da ta Baleyara, kuma ta ce wanda ya saba kallon idon mai saye ba ya buƙatar jin yarensa. Abin haushin shi ne da wuya ta yi kuskure.

Akwai wani fim mai dogon zango da ya fi kowanne shiga ranta. Labarin wani gidan masu kuɗi ne a wata ƙasa mai nisa, gida mai matakala, inda kowa ke kuka cikin tufafi masu tsada. A cikinsa akwai uwar gidan, wata doguwar mata mai harara, wadda ba ta da aiki sai gasa wa matar ɗanta aya a hannu. Duk unguwarmu an tsani matar nan, ban da Inna. Ita a ganinta matar ce kaɗai mai hankali a gidan, don ita ce ke sanin inda makullai suke. Takan faɗi haka ina zaune a gefenta ina yi mata fifita, ni kuma in ce gaskiya ne, don me matar ɗa za ta ce?

Sai idonta ya fara dushewa. Da farko ta ɗora wa telen laifi, aka sake eriya, aka goge gilashi, har aka zagi masu kuran, wato 'yan wutar lantarki, da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Da abin ya yi tsanani, maigidana, wanda shi ne ɗanta na fari, ya kai ta Yamai. Ranar da suka dawo ya ja ni ɗaki ya gaya mini abin da likita ya ce: jijiyar idon ta mutu, babu aikin da za a yi, abin da ya rage ma tafiya zai yi. Shi da ƙannensa sun riga sun yi shawara ta waya, sun ce a bar kaza cikin gashinta. Abin da aka gaya wa Inna shi ne yanar ido ce ta rufe shi, kuma likita ya ce ba a cire ta sai ta nuna, watakila bayan kaka. Kowa a yankinmu na Kurfai ya san wani tsoho da aka ce wa ya jira yanarsa ta nuna, don haka maganar ta zauna daram. Ban so shawarar ba, amma ba a tambaye ni ba, sanar da ni aka yi.

Inna ta karɓi jiran hannu bibbiyu. Ta ƙi riƙe sanda, ta ce ba za ta saba da abin da za ta yar ba. Mafi muni, ta ƙi zuwa Bonkuku, inda yayarta ke kwance tun bazara. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Yayar takan sa a aiko da saƙon murya ta waya, muryar tana ƙara siririncewa, tana tambayar yaushe za a zo. Inna sai ta ce a gaya mata bayan kaka, in an buɗe idon, don ba za ta yi wannan tafiya ta je ta kasa ganin fuskar 'yar'uwarta ba. Duk lokacin da na ji amsar nan sai in dubi maigida, shi kuma ya dubi wayarsa.

Fim ɗin ma ya juya mata baya. Da fuskokin suka ɓace, ba abin da ya rage mata sai surutun da ba ta ji. Na gwada yi mata fassara, ta ce ina kashe labarin kamar mai karanta sanarwa a rediyo. A ƙarshe aka kai uwar gidan nan kurkuku, fim ya ƙare, unguwa ta yi murna, Inna ta ce an yi zalunci ta sa aka rufe telen da zane.

Ana cikin haka autar gidan, ƙanwar maigida, ta dawo hutun damina daga jami'a da wani wasa da suke yi da abokanta. Wasan ba shi da allo ba shi da kati. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki wani mutum a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne sai ya jefa ɗan lido: in ya ba da babban lamba ya yi nasara, in ƙarami ya sha kashi, kuma mai riƙon labari ne ke faɗin irin kashin. Nasu labarin na 'yan sama jannati ne, a cikin kumbo, ana yawo daga wannan duniya zuwa waccan. Auta ta lura wasa ne na baki da kunne, wanda ido bai dame shi ba, ta ce a gwada da Inna.

Ta buɗe wani littafi mai kauri tana karanto sunayen jarumawan da ake zaɓa, sunaye masu karya harshe. Inna ta saurara ta ce ba za ta zama mutumin da ba ta san iyayensa ba. Auta, wadda ba ta rasa dabara, ta ce to a kwaso mutanen fim ɗin nan gaba ɗaya a zuba su cikin kumbo. A nan Inna ta gyara zama, ta ce in haka ne a fara fito da baiwar Allah daga kurkuku.

Ni aka ba riƙon labari, wai don malamar lakwal, wato makaranta, ba ta rasa abin faɗa. Muka ɗauki yammaci biyu ko uku muna sake wa mutanen fim sana'a, kuma ban taɓa ganin taron malamai da ya kai wannan zafi ba. Kowane mutum sai an auna masa ƙarfi da wayo da baki. Maƙwabciyarmu, wata Bazabarma mai sayar da dambu da zogale, ta zaɓi kyakkyawan likitan fim ɗin, ta nemi a cika masa mudun wayo tunda likita ne. Inna ta ce a'a, mutumin da ya yi fim guda cur bai gane yaron da ke gabansa ɗansa ba ne, ga kunne iri ɗaya, ba za a ba shi fiye da rabi ba. Auta ta ɗauki matar ɗa mai kuka. Aka yi ta neman amfaninta a kumbon da ake auna ruwan sha, har maƙwabciya ta ba da shawarar a riƙa tara hawayen a buta. Daga baya aka cika mata baki, tunda da kukan take samun duk abin da take so.

Ita kuwa uwar gida, wato ta Inna, ba a yi gardama ba ta zama shugabar kumbo. A fim tana da lauya da guba. Lauyan muka mayar da shi butum-butumin ƙarfe mai bin ta da jaka, gubar Inna ta ce a zubar, mace mai harara irin wannan ba ta buƙatar guba. Sai aka rubuta hararar a matsayin makami mai tsayar da inji. Sannan ta kafa sharaɗi: kumbon sai da rumbu, kuma makullin a ƙugunta. Auta ta yi bayanin cewa 'yan sama jannati ƙwayoyi suke haɗiya a madadin tuwo, Inna ta ce shi ya sa ba a taɓa jin ɗayansu ya yi ƙiba ba. Aka gina rumbu a bayan injin.

Lafiyar kowa da ƙwallon aduwa muke ƙirga ta. Kowa da 'yar tulinsa a gabansa, in an ji maka ciwo ka miƙa wa mai riƙon labari abin da ta yanke, in suka ƙare ka mutu. Ɗan lidon kuma a cikin wani tsohon kwanon sha ake jefa shi, don kada kaji su haɗiye. Maigida ya leƙo ya ga ana jifa, ya yi gyaran murya ya ce yana tsoron kada abin ya zama caca. Inna ba ta magana da shi kai tsaye, kunyar ɗan fari, sai ta tambayi iska ko wani ya ga an aza ko ƙwayar gero. Washegari bayan la'asar ya jawo kujera wai yana shan iska, kafin magariba an ba shi attajirin fim ɗin, wanda kuɗinsa ba su da amfani a sama, aka sa shi sharar kumbo.

Jifar Inna ta farko ba zan manta da ita ba. Na kai su wata duniya mai jan rairayi, wasu halittu masu kai biyu sun tare ƙofa, ta ce za ta harare su. Aka sa mata ɗan lido a hannu, aka kai hannun bakin kwano, ta saki. Ya juya ya tsaya a kan ɗaya. Bisa ƙa'ida, abin da ya rage shi ne in buɗe baki in gaya wa uwar mijina, a gaban ɗanta, cewa ta kasa, an kama ta an ɗaure. Ni da ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ni da ko 'yar maƙwabta mai sunanta ba na iya kira sai da laƙabi. Auta ta zuba mini ido, maƙwabciya ta sunkuyar da kai, maigida ya shiga nazarin hadari. Na ce shida ne. Kowa ya sauke numfashi, halittun suka zube.

Daga ranar ɗan lidon gidanmu ya koyi ladabi. In auta ta jefa, abin da ya fito shi ake faɗa, har matar ɗa mai kuka ta mutu aka tashe ta da allurar likita ba sau ɗaya ba. Attajiri ya rasa ƙafa a wani rami. Maƙwabciya kullum tulin aduwarta a rame. Amma in Inna ta jefa, shida ne, in an ji kunya a ce biyar. Babu wanda ya shirya wannan da baki, kowa ya san aikinsa kamar a gidan biki. Mu a ganinmu girmamawa ce, kuma ga tausayi: baiwar Allah ta rasa ido, a ce kuma ta rasa wasa?

Labarin ne ya fara lalacewa. Kafin gero ya yi bununi shugabar kumbo ta ci duniyoyi da yawa, ta aurar da butum-butuminta, ta ɗora wa taurari haraji. Ni da ke ƙirƙiro abokan gaba na gaji, don duk dodon da na kwana ina sassaƙawa harara ɗaya ke gamawa da shi. Maƙwabciya ta raɗa mini ta kan katanga cewa ita fa dambunta ya fi wannan wasa ban mamaki. Inna kanta ta fara gyangyaɗi a tsakiyar yaƙi. Sai kuma ta ɓullo da wani sabon hali na neman abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ta ce za ta buɗe tagar kumbo ta tofar da goro, alhali auta ta sha gaya mata babu iska a waje. Shida. Ta ce za ta fita ba rigar ƙarfe, da zanenta da mayafi, ta shanya kuka a kan rufi. Shida. Na ɗauka nishaɗi ne ya dawo mata, har ina yaba wa kaina.

A waje kuwa kaka tana matsowa, abin da ban taɓa jin tsoronsa ba sai a shekarar. Kowace safiya in na je gaishe ta sai ta buɗe ido da yatsu ta ce in duba ko ta nuna. In duba idon da babu komai a kansa, fes kamar na jariri, in ce saura kaɗan. Saƙon Bonkuku ya koma ba muryar yayar ba, muryar jikarta ce ke cewa tsohuwa tana gaisuwa. Na sami maigida na ce masa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma furen nan ya kusa kaɗewa. Ya ce in ƙara haƙuri, yana neman ranar da ta dace. Na ji haushinsa sosai, na kuma ji tausayinsa, don na san ranar da yake nema babu ita a kalanda.

Ranar da amalanken farko ya shigo da dammunan gero, bayan la'asar muka zauna wasa kamar kullum. Ina taya maƙwabciya tsinkar zogale da hannu ɗaya, ina jan labari da baki. Na ce murhun kumbo ya mutu, sanyi ya kama mutane. Inna ta ce abu mai sauƙi, a matsa kusa da rana, za ta tsallaka da kasko ta ɗebo wuta kamar yadda ake ɗebowa a maƙwabta. Ta miƙa hannu bakin kwano, na ji ƙwal, na ce shida. Maƙwabciya ta yi barka, auta ta tafa, maigida ya ce ma sha Allah.

Sai Inna ta buɗe hannunta na hagu. Ga ɗan lido a tafinta. Muka leƙa kwano a tare, karo na farko cikin makonni da muka duba jifarta: ƙwallon aduwa ne kwance a ciki.

"Ashe aduwa ma ta iya shidda a gidan ga," in ji ta.

Babu wanda ya yi dariya. Ta juya ɗan lidon a yatsunta, ta ce ita ta yi kasuwa tun ba a haifi kowa a nan ba, ta ga mai sa'a ta ga marar sa'a, amma ba ta taɓa ganin wanda kullum kasuwa ke yi da shi ba, sai wanda ake shirin cuta ko wanda ake jinya. Ta ce ta yi ta jira wani ya ce mata ta faɗi, ko sau ɗaya, don ta san har yanzu ana lissafi da ita cikin masu rai. Sannan ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. Ba za ta tambayi ɗan fari ba, auta kuwa yarinya ce a wurinta, don haka kaya ya faɗo kan wadda ta fi kowa rashin izinin magana, wato ni, da ake kira Madan saboda malanta.

"Madan, ke ka riƙon labari. Idon ga nau, shi ma shidda na?"

Na dubi maigida. Yana kallon babban yatsan ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsa. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Ban san inda na sami muryar ba.

"Ba yana ba ta, Inna. Jijiya ta mutu. Likita ya ce babu aikin da za a yi."

Ta tambaya tun yaushe aka sani, na ce tun Yamai. Ba ta yi kuka ba, auta ce ta yi, da gaske wannan karon, ba wanda ya kawo buta. Inna ta ɗaure ɗan lidon a bakin zanenta, ta ce da ido ne kaɗai da ta yafe, don Wanda ya ba da shi ne ya karɓa.

"Amma kun ci mini damina guda," ta ce, "kuma waccan da ke kwance Bonkuku ba ta da daminar ba da rance."

Ta gaya wa iska cewa a shaida wa mai gidan nan ya nemo sanda, ya kuma kama mata wuri a motar da za ta fara tashi. Ta miƙe ta lallaba bango ta shiga ɗaki, ta ƙi a riƙe ta. Na ɗauke kwanon yadda yake na tura ƙarƙashin gado, don ba na son ganinsa.

Ta tarar da yayarta da rai. Jikar ta ba mu labari daga baya cewa Inna ta zauna a bakin gadon ta bi fuskar da tafin hannu, daga goshi har haɓa, ta ce mata ta tsufa, yayar ta ce ai gara ita tana ganin tsufan nata. Suka yi ta faɗa irin na da. Inna ba ta dawo ba sai bayan an yi addu'ar bakwai. Auta ta riga ta koma Yamai, gero ya shiga rumbu, gidan ya yi tsit. Ni da Inna gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban san ko fushi take da ni don na yi ƙarya ko don na daina ba.

Wata la'asar ina shara na ji ƙwanƙwasar sanda a bayana. Ta ce a kira mai dambu, a fito da kwano, mutane na can sama cikin sanyi tun kaka ba a ɗebo musu wuta ba. Maigida ya jawo kujerarsa ba tare da ya ce iska yake sha ba. Na zuba wa kowa aduwarsa. Ta kwance bakin zane, ta fito da ɗan lido, ta laluba kwanon da kanta ta jefa. Na leƙa, na sake leƙawa.

"Biyu, Inna."

"To, mi ya same ni?"

Na gaya wa uwar mijina cewa ta zame a bakin rana, kaskon ya suɓuce, wuta ta lashe mata hannu da gefen zane, ta dawo ba ko garwashi, kuma za ta biya aduwa biyu. Maigida ya rufe ido. Inna ta yi tsaki ta zagi rana, ta ce a gaya wa likitan nan mai rabin wayo ya zo da magani, gobe za ta koma da kasko mai mariƙi. Fuskarta ta yi wani haske da rabona da ganinsa tun kafin a rufe tele. Ta laluba tulinta ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta miƙo mini. Na ce, cikin ladabi, biyu na ce.

"Na ji," ta ce. "Duba cikin kwano. Guda na nan tun kaka."